Mashin ɗin Halvard a Dogon Tafki

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi

Sanyi mai cizo, iska daga arewa, sama garau. Dusar ƙanƙara ta yi ɓawo amma barewa na iya fasa shi da kofato ta kai ga ciyawa. Garke na can bayan Dogon Tafki, ƙanena Sammol da 'ya'yansa ke zagaya shi wannan makon.

Abin da nake rubutawa ke nan kullum tun Sunna na da rai. Ita ta koya mini riƙe biro bayan aurenmu, ta ce in riƙa sa yanayi da inda garke yake. Yau ma da a nan zan tsaya.

Ravdna ta dawo daga asibitin bakin teku ɗaukar wa mijinta kaya. 'Yata ce, ita kaɗai gare ni, gidanta ga shi nan tsallaken fili. Ta shigo ba ta cire takalmi ba, ta tsaya ƙanƙara na narkewa a dabena.

"Baba, in an sallami Halvard, kudu za mu koma, garinsu. Bareyina ka san yadda za ka yi da su. Ko ka ba Kawu Sammol."

Na ce gahawa na kan wuta. Ta ce ta sha a hanya.

Kudu! Yarinyar da na yanka wa alamarta a kunnen ɗan barewa tun tana rarrafe. Wai ka ba Kawu Sammol. Ta san inda za ta soka.

Mashin ɗin kan ƙanƙara na mijin nata yana cikin tafki tun ranar Litinin. Sabo fil, ja, ko hunturu ɗaya bai cika ba. Ba wanda ya yi maganarsa.

Juma'a, 21 ga Maris, da yamma

Sanyi. Ba ta bugo waya ba. Ni ma ban buga ba. Ita ce ƙarama.

Asabar, 22 ga Maris, da almuru

Na je na gani. Na bar tsohon mashin ɗina a gaɓa, na ɗaura allunan tafiya kan dusa a ƙafa, na shiga da sandar ƙarfe ina caka gabana. Daga sama fari fes, ka ce ko babbar mota za ta wuce. Ka caka sanda ta fito a jiƙe. Soavli ke nan: dusa ta yi nauyi ta danne ƙanƙarar tafki, ruwa ya ɓullo ta tsagu ya kwanta a tsakaninsu, dusar ta rufe shi kamar bargo ta hana shi daskarewa. A mashigar rafi ya fi yawa. Kowa ya san wannan. Kowa.

Mashin ɗin yana nan daidai mashigar rafin. Ya nutse har kujera, gindi a ƙasa, hanci a sama kamar kare na roƙon ƙashi. Abin da iska ta taɓa ya zama dutse, na ƙasa kuwa kunu. Amalanken abincin bareyi da yake ja yana bayansa, shi ma ya kafe.

Sawu ya nuna komai. Halvard ya ji mashin na nauyi, ya waiga ya ga ruwa a bayansa, sai ya saki totur. Abin da ba a yi ke nan. In ka shiga soavli ba a tsayawa, ƙara wuta ake yi a karkata a hankali zuwa gaɓa. Shi ya tsaya, ya sauka, ya yi ta turawa da takalmin roban nan na kanti. Daga nan sawun ƙafa ya nufi gida. Ban bi shi da ido ba. Na riga na san inda ya ƙare, ni na ɗauko shi daga wurin.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙin manyan motoci a kan kwalta, in ya ga matsala birki kawai ya sani. Wannan ba ni na koya masa ba.

Zan fitar da mashin ɗin. Ba don kowa ba. Ba a barin ƙarfe da mai a ruwan da muke kamun kifi.

Lahadi, 23 ga Maris, da rana

Coci. Da aka yi addu'a da sunan Halvard kawuna suka juyo wajena ɗaya bayan ɗaya, kamar bareyi sun ji haushin kare. Matar mai kantin kayan gyara har da girgiza kai. Ita da mijinta ya sayar mini da bel ɗin da ya tsinke a tsakiyar daji bara, ko yi haƙuri bai ce ba.

A waje Sammol ya tsaya kusa da ni yana kallon sama.

"An ce wani tsoho na yawo shi kaɗai a kan tafki."

"An ce."

"Akwai injin ja na hannu a rumfata, tsatsa kawai yake yi."

"To ka shafa masa mai."

"Yaya, kai dai ba ka canzawa."

"Kunnen ɗan barewar nan ma bai canza ba."

Ya yi tsaki ya tafi. Fari ne tas ɗan barewar, uwarsa tawa ce, duk wanda ke wurin ya ga yana bin ta. Sammol ya yanka masa alamarsa, wai kuskure, wai ido ne ya gaji. Gashinmu baƙi ne a lokacin. Ya ce in manta. Ai na manta, shi ya sa ba na ɗaga maganar sai in ta kama.

Litinin, 24 ga Maris, da yamma

Saran ƙanƙarar da ta riƙe mashin tun safe. Gatari, shebur, gatari. In na fasa gefe ɗaya na kwashe, kafin in zagaya ɗayan ruwa ya cika ramin. Na dai kwance amalanken, na ɗebe buhunan. Bayana na ciwo.

Talata, 25 ga Maris, da rana

Ta bugo. Likitoci ba su yanke shawara kan ƙafar hagun Halvard da sanyi ya ci ba, wai sai sun ga inda baƙin zai tsaya. Ta dama za ta tsira. Na ce to madalla. Na ce ina aikin mashin ɗin.

Sai ta ce, "Baba, me ka ce masa da safen nan? Faɗa mini daidai yadda ka faɗa."

Na faɗa mata. Ya shigo shan gahawa kamar kullum, da surutunsa, ya ce zai kai wa garke abinci, zai yanke ta kan tafki don zagaye ya yi nisa. Ni kuma na ce: bana ko yanyawa ban ga sawunta ta mashigar rafi ba.

"Sai me?"

"Sai ya yi dariya ya ce ai yanyawa ba ta da sabon mashin."

"Kai kuma ka ce me?"

"Me zan ce? Na riga na faɗa."

"Ba ka faɗa ba! Labarin yanyawa ka ba shi!"

"Ke da na ce miki haka, za ki bi ta can?"

"Ni a nan aka haife ni. Shi fa?"

"Ba ya ce ya iya harshenmu ba? Ranar bikinku ya tashi ya yi jawabi da shi har ana tafi."

"Kalmomi ya iya, Baba. Kada ka bi. Shi ke nan fa. Maƙale maka za ta yi a wuya?"

Ba a ce wa namiji mai gemu kada. Ubana bai taɓa ce mini kada ba. Yaro ake ce wa kada, da kare. Babba sai ka ajiye masa magana a gabansa, ya ɗauka da hannunsa in ya ga dama. Girmama shi na yi. Da na ce kada, da yanzu ana cewa tsohon na raina surukinsa don baƙo ne. Na gaya mata haka. Ta ce akwai wata tambayar amma ba yau ba. Ta kashe.

Na san tambayar.

Laraba, 26 ga Maris, da safe

Na faɗa masa. Ni dai na san na faɗa masa.

Alhamis, 27 ga Maris, da yamma

Iska ta juya yamma, rediyo ya ce ɗumi na tafe. In ruwan ya ƙaru sannan sanyi ya dawo ya rufe, to mashin ya zama na tafki ke nan. Zai zauna har ƙanƙara ta fashe ya gangara ƙasa. Sara, sara. Ruwan na dawowa.

Juma'a, 28 ga Maris, da almuru

Ƙafata ta dama ta zurma har cinya, a gefen ramin da na sara da hannuna. Ba kamar sanyi yake ba, kamar an kwaɗa maka guduma ne. Na ja ciki har wurin allunan, na kai gaɓa, na karya busassun rassa na hura wuta. Ashana a cikin hula take kamar kullum. Na cire takalmin fata, na zubar da jiƙaƙƙiyar ciyawar da muke cusawa ciki don ɗumi, na cusa busasshiya daga ƙirjin rigata. Kafin gahawa ta tafasa yatsun sun fara zafi. Na zage su ɗaya bayan ɗaya don murna.

Daga ramin zuwa gaɓa jifa ne, amma na ji kamar ba zan kai ba. Shi Halvard daga nan ya taka har gindin tudun da ake hango gari, ƙafa biyu a jiƙe, cikin roba, ba ashana, waya ta mutu da sanyi. Farkon zuwansa na ba shi damin ciyawar takalmi. Ya yi godiya ya rataye shi a bangon falo don ado. Ban gaya masa amfaninta ba. Kayansa ne.

Ba wanda zai ji labarin yau.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Ina isa na tarar da hayaƙi a gaɓa. Sammol ne, da injin ja, da katakai, da dogayen sanduna.

"Wucewa nake yi," in ji shi.

"Da katakai?"

"Haka nake wucewa yanzu. An ce jiya wani ya yi wanka."

"Wa ya ce?"

"Wandonka da ka shanya. Ya daskare yana tsaye da kansa kamar mai jiran mota. Duk gari an gaishe shi."

Ban kore shi ba. Tafkin ba nawa ba ne.

Muka tattake hanya daga mashin zuwa gaɓa, mu je mu dawo a kan alluna, har dusar ta haɗe da ruwan ta zama laka, don ta daskare cikin dare ta zama gada. Muka kafa sandunan a kan katakai, muka rataya injin, muka ɗaga gindin mashin ɗin kaɗan kaɗan, ina sara yana ja. Da bel ɗin ƙasa ya fito muka cusa katako, muka kwashe kunun da ke cikinsa da hannu kafin ya kame. Ya ce ina sara kamar tsohuwa na daddatsa albasa. Na ce yana ja kamar mai tsoron igiya.

Saura sanyi. In dare ya yi sanyi gobe mu ja shi. In bai yi ba, aikin banza muka yi.

Lahadi, 30 ga Maris, da sassafe

Bai yi ba. Rufi na ɗiga.

Lahadi, da yamma

Ban je coci ba. Na yi ta fita duba ma'aunin sanyi har kare ya gaji da bina. Sammol ya leƙa tafkin, ya ce katakan sun fara nitsewa ta gefe guda.

Litinin, 31 ga Maris, da yamma

Ina buɗe ƙofa da asuba gashin hancina ya manne, na san sanyin ya yi.

Muka jera mashin biyu a gaɓa, nawa a gaba, doguwar igiya har tsakiyar tafki. Ya fito daga ramin yana ƙara kamar ana cire haƙori. Rabin hanya gadar ta tsage, na ji igiya ta yi nauyi, na waiga na ga baƙin ruwa na biyo shi. Hannuna ya so ya saki. Sammol ya daka mini tsawa, "Kada ka tsaya!"

Ƙanena ya ce mini kada. Ban tsaya ba.

Muka hura wuta. Mashin na gefe, jibgin ƙanƙara mai ja a ciki. Sammol na juya kofinsa.

"Ravdna ta tambaye ni yaushe ka fita neman Halvard."

Na ƙara ice a wuta.

"Na ce ban sani ba. Amma matata ta ga fitarka. Da fitila a kunne, duhu ya riga ya yi."

"Namiji in ya fita aiki ba a bin sa kamar ɗan yaye. Da na same shi lafiya yana gyaran wani abu fa? Da wane ido zai dube ni?"

"Na sani. Ni ma da jira zan yi. Ka tuna ranar da allona ya karye na kwana a tudu? Tsoho ko motsi bai yi ba, ya ce ai zai zo."

"Ka zo kuwa."

"Na zo. Amma ni na san yadda ake kwana a tudu." Ya watsa ragowar gahawar a wuta. "Tafiyar da za a dawo kafin abincin rana ce fa, Yaya."

Na ce masa injin jansa na neman mai.

Na leƙa taga ranar da Halvard ya makara. Ba sau ɗaya ba. Na sa takalmi na cire, na sa na cire. Wannan ba wanda ya gani, ba wanda zai tambaya.

Laraba, 2 ga Afrilu, da rana

Mashin na rumfata, murhu a kunne, kwana biyu yana zubar da ruwa. Injin da ya sha ruwa ba a tayar da shi, duk ɗokinka. Ka murɗa makulli ka lanƙwasa masa hanji. Na cire fulogi, na ja igiya a hankali, ruwa ya yi tsartuwa daga ramukan har fuskata. Na ja, na ja, sai da ya daina. Na ɗiga mai a ciki na juya don tsatsa. Na zubar da man tanki. Baƙin man akwatin sarƙa ya fito fari kamar nono.

Na nemi kafireta in wanke, babu. Wayoyi ne kawai da wani baƙin akwati. Nawa in ya yi gardama da wuƙa da cokali nake lallashinsa, wannan kuwa an yi shi ne don kada mai shi ya taɓa. Mai kanti ya ce a kai birni a sa masa kwamfuta. Na ce fulogi na zo saya, ba shawara ba.

Na shiga gidan Ravdna na ɗauko abin busar da gashinta. Kowace waya na zare na busar na mayar. Gidan na warin rufewa.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

An yanke wa Halvard yatsu biyu, na ƙafar hagu. Matar Sammol ce ta gaya mini.

Asabar, 5 ga Afrilu, da almuru

Ravdna ta zo da kwalaye a bayan mota, a ninke, irin na kanti. Tana shiga da su tana fita. Daga baya ta leƙo rumfa neman abin busar da gashin, ta tsaya tana kallon mashin ɗin, hanjinsa a waje.

"Kai kaɗai ka fito da shi?"

"Kawunki na wucewa."

"An ce ka faɗa ciki."

"Gari ba shi da aiki."

"Baba, da ka mutu a can fa? Saboda ƙarfe?"

"Zai tashi. Fulogi sabo ne. Kafin ƙaurar bazara zai tashi. Hanyar bakin teku na son mashin mai ƙarfi a bayan garke."

"Kana tsammanin ƙarfe ne damuwata?"

Na ce mata matan garke sun fara juya hanci arewa, bana da wuri za su so tafiya. Na ce tsohuwar nan tata mai karyayyen ƙaho na da ciki kuma. Ta dube ni har na ji kunya na koma kan waya.

"Ka gani? Ko yanzu ma," in ji ta. "Babbar mota za ta zo kwasar kaya Talata bayan Ista."

Ta bar mini abin busarwar. Ta ce in gama da shi tukuna.

Uwarta ba ta taɓa sa ni fassara magana ba. In na ce iska ta juya, ta san me nake nufi.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

Injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Na cire fulogi, a jiƙe. Na busar. Tari. Na busar.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Ya tashi. Farin hayaƙi ya cika rumfa har kare ya gudu. Na ɗaga gindinsa na bar bel ɗin ƙasa ya juya a iska har ya ɗumama, na saurara. Ba ƙara, ba gurnani. Na gwada birki, na gwada igiyar da ke kashe inji in mutum ya faɗo. Na fito da shi na ajiye a ƙofarsu, hanci na kallon tudu.

Ba kowa a gidan. Na tsaya kamar wawa, sannan na mayar da shi rumfa.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

An kawo Halvard. Ta taga na gani. Ya rame, sanduna biyu a hammata, ƙafar a naɗe kamar jariri. Ya dubi gidana ya ɗaga sanda ɗaya. Na ja baya, labule nake gyarawa.

Na rataya musu ƙashin ɓargo da busasshen nama a marikin ƙofa. Da safe babu su. Wataƙila kare ne.

Talata, 15 ga Afrilu, da rana

Ina ɗaure bel na ji ƙwas, ƙwas a bakin rumfa. Halvard. Ya zauna a kan kujerar mashin ɗin ba tare da an ce ya zauna ba.

"Sannu, Baba Issat. An ce ka tayar da matacce."

"Ruwa ne kawai."

"Ni ma ruwa ne kawai, ga shi an rage mini kaya. Yanzu yankan farce ya yi sauƙi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ya shafa kan mashin ɗin. Ya ce ya yi ta tunanin maganar yanyawa a gadon asibiti, wai ya ɗauka hira ce irin ta tsofaffi, kamar a ce bana kifi ya yi ƙaranci. Na ce hira ce mana. Ya ce kuma ya ji ƙarar mashin ɗina tun daga nesa ranar, yana kwance, ya ce a ransa ga tsohon nan zai zo ya yi mini shiru. Wai haka aka yi, na cire masa takalman na cusa ƙafafunsa cikin rigata a kan cikina ban ce uffan ba.

Ban san me ya sa yake ba ni labarin abin da nake wurin ba.

"Baba, ni ba na son kudu. Na baro ta ne da ƙafafuna, lokacin suna cikakku. Ravdna ce. Ta ce ba za ta zauna inda za a kalli mutum yana tafiya ga halaka a ba shi tatsuniya ba. Ita 'yarka ce, ba za ta tambaye ka ba ko za ta mutu. Ni baƙo ne, ba ni da kunya. Kana so mu zauna?"

"Garke na son hannu."

"Ba shi na tambaya ba."

"Mashin ya gyaru. Asara ce a kai shi inda ba ƙanƙara."

"Ba shi na tambaya ba."

Na nemi sifana. Tana hannuna. Ya jira har murhu ya mutu, sannan ya tattara sandunansa.

"Ba ni za ka gaya wa ba ma," in ji shi daga bakin ƙofa. "Ni na gane yanzu. Ita ce ta daina ganewa da gangan."

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

Kwalaye sun cika tagar falonsu. Sammol ya ce garke zai tashi Laraba, ba za a iya riƙe matan ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Uba ne zai je ƙofar 'yarsa yana roƙo? A ina aka taɓa yi? Ni na goya ta a bayan mashin tana barci, na ɗaure ta da ɗamarata don kada ta faɗo. Ba ta san me wannan ke nufi ba sai an faɗa mata da baki?

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista, da rana

Kowa da jar kwalliya. Ta zauna can gaba da mijinta. Ta sa mayafin uwarta.

Litinin, 21 ga Afrilu, da almuru

Na shirya maganar tun safe, doguwa, mai kyau, da sunan uwarta a ciki. Na sa hular coci. Na kai tsakiyar fili na tsaya. Na ga ta fito da kwali a hannu za ta kai baranda, maganar duk ta watse. Abin da ya fito da ƙarfi ya fito, da muryar da nake kiran kare daga tsallaken kwari.

"Ravdna! Kada ku tafi!"

Karnukan gari suka ɗauka. Matar Sammol ta leƙo da ludayi a hannu.

Ta ajiye kwalin. "Me ka ce?"

"Kin ji."

"Iska ce, ban ji ba."

Babu iska. Na sake faɗa. Na ƙara da cewa ba na so. Murya ta fashe a tsakiya kamar ta ɗan saurayi.

Ta sauko ta zo har gabana, idonta ja. "Na ji. Har coci an ji." Ta gyara mini hular da ta karkace. "Ban ce na yafe ba, Baba. Kwalayen ma ba zan kwance ba tukuna. Zan bi garke zuwa bakin teku, Halvard ya same mu ta hanyar mota. Amma daga nan har can, duk abin da ka gani a ƙanƙara da baki za ka faɗe shi. Ga kowa. Ranar da ka ba ni labarin wata dabba, in juya."

Na ce sanyi na sauka, ta shiga ciki.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Babbar mota ba ta zo ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da yamma, a tanti

Sanyi da safe, laushi da rana, iska daga kudu. Garke ya haye babban kogi lafiya. Ravdna na baya a kan jan mashin, yana tafiya kamar bai taɓa shan ruwa ba.

Tun Laraba nake ihu kamar mai talla. Ruwa a hagu, ku bi dama! Kada a tsaya a nan! Dutse a ƙarƙashi! Ga mutanen da suka san hanyar nan tun ba su da haƙora. 'Ya'yan Sammol na kwaikwayona a bayan tanti, ina jin su. Shi kuwa ya tambaye ni ko zan gaya masa in gahawarsa na da zafi.

A mashigar kogin na ga dusar ta yi duhu duhu ta gefen duwatsu. Ravdna ta gani, na san ta gani, ta riga ta fara karkata. Duk da haka na miƙe a kan mashin na kwarara mata ihu. Ba ta waigo ba. Ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta wuce.

Muryata ta dishe. Gobe akwai tafki biyu.